Kara-Kara a idon Google: yadda mahaɗai ke ɗaga shafi ko su binne shi

Duk wanda ya rubuta "Kara-Kara Zinder" a Google, labarin ƴan palais ne zai fara cin karo da shi. Shafukan da ke sama na bukukuwan fina-finai ne na Turai, da jaridun waje, da rahotannin ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Da yawansu suna magana ne a kan fim ɗin "Zinder" na Aicha Macky, ƴar asalin garin, wanda ya fito a 2021 aka kuma nuna shi a bikin Visions du Réel na birnin Nyon, a ƙasar Suwizalan. Fim ɗin ya shiga wannan unguwa da aka daɗe da ware wa masu fama da cutar kuturta, ya nuna samarin da ke ɗaga ƙarfe, da safarar man ruwa-ruwa daga iyakar Nijeriya, da masu fasa dutse a bayan gari. Tun kafin fim ɗin ma, tarzomar ranar 16 ga watan Janairun 2015, wadda aka ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Damagaram a cikinta, ta jawo hankalin manema labarai na waje zuwa ga samarin garin.

Abin da waɗannan shafuka suka faɗa ba ƙarya ba ne. Sai dai Kara-Kara tana da teloli, da makarantun allo, da mata masu adashi, da ƴan kabu-kabu, da matasan da suka bar palais suka kama sana'a. Idan wata ƙungiya daga cikinsu ta buɗe shafinta na intanet a yau, da wuya mai nema ya iske shi a shafin farko na sakamakon bincike, ko na biyu, ko na biyar. Mai son ba da tallafi da ke zaune a Yamai, ko ɗan jaridar da ke shirin zuwa Damagaram, iyakarsa sakamako goma na farko. Da abin da ya gani a nan zai yanke hukunci a kan unguwar, da shi kuma zai zaɓi wanda zai buga wa waya.

Google ba ya da wata ƙiyayya da Kara-Kara. Babban abin da ya raba shafin bikin fim na Turai da shafin ƙungiyar unguwa shi ne yawan waɗanda suka nuna kowannensu da yatsa, da kuma matsayin masu nunin.

Shaidar fatoma

Mahaɗi shi ne kalmar nan ko jimlar da ake latsawa a wani shafi ta kai mutum wani shafin. Idan shafin wani ne ya sa mahaɗin da ke kawo mutane zuwa naka, shi ne mahaɗi mai shigowa, wanda masu sana'ar ke kira baklink. Aikin tara irin waɗannan mahaɗai reshe ne na abin da ake ce wa référencement da Faransanci, wato gyara shafi don injin bincike ya sa shi gaba.

Dabarar ta samo asali ne daga jami'ar Stanford ta Amurka. A 1996 ɗalibai biyu, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aiki da suka raɗa wa suna BackRub, saboda yana bin mahaɗai ta baya ne don ya gano wa ke nuna wa. Injunan binciken wancan lokaci sun fi dogara da ƙirga kalmomi: shafin da ya maimaita kalma sau ɗari sai ya wuce wanda ya faɗe ta sau goma. Yaudararsu ba ta da wuya. Page da Brin suka ce a maimakon a saurari abin da shafi ke faɗa a kan kansa, a duba abin da sauran shafuka ke faɗa a kansa. Suka kira lissafin PageRank, kuma a kansa aka kafa kamfanin Google a 1998.

Ɗan kasuwar Damagaram ba ya buƙatar dogon bayani a nan. A zamanin da ayarin raƙuma ke sauka a Zango daga Agadez da Ghat, baƙon da ya zo da kaya ba ya samun bashi ko ciniki don ya ce shi mai gaskiya ne. Fatomansa, wato maigidan da ya saukar da shi, shi ke tsaya masa. Kuma shaidar fatoman da gari ya sani ta fi ta ƴan tasha ashirin da ba wanda ya san gidajensu. Haka PageRank ke lissafi. Kowane shafi yana da nauyi, nauyin kuwa daga shafukan da suka nuna shi ya samo. Idan shi ma ya nuna wasu, sai ya raba musu abin da yake da shi. Shafin da ya sa mahaɗi goma, kowanne zai samu kashi ɗaya cikin goma na abin da ake rabawa. Wanda ya sa dubu, kowanne ɗigo zai samu. Shi ya sa mahaɗi guda daga shafin kamfanin dillancin labarai na ANP, ko jaridar Le Sahel, ko Studio Kalangou, ya fi mahaɗi ɗari biyar daga wani kundin adireshi da ba wanda ke karantawa.

Injin yana kuma karanta kalmomin da aka sa mahaɗin a kansu. Idan aka rubuta "latsa nan", bai ƙaru da komai ba. Idan aka rubuta "ƙungiyar mata masu saƙa ta Kara-Kara", ya fahimci abin da ke can gaba. Ƙarfin wannan ya bayyana a 2003, lokacin da masu adawa da shugaba George W. Bush suka haɗa baki suka riƙa sa mahaɗi zuwa shafinsa na fadar White House a ƙarƙashin wasu kalmomi biyu masu nufin mummunar gazawa. Duk wanda ya nemi kalmomin sai tarihin shugaban ya fito a sama. Sai a watan Janairun 2007 Google ya toshe wannan kafa. A Kara-Kara ba wanda ya haɗa baki, amma sakamakon ya yi kama: shekara da shekaru ana rubuta sunan unguwar kusa da kalmomin "gang" da "violence" a shafuka masu nauyi, injin kuwa ya hardace.

Mahaɗan da ba sa ƙirguwa

Akasarin ƙungiyoyi da masu sana'a na Damagaram ba su da shafi nasu na kansu, sai dai Facebook da zaurukan WhatsApp. Suna da amfani, don a nan jama'a suke. Amma abin da aka tura a WhatsApp injin bincike ba ya ganinsa ko kaɗan, ko da mutum dubu sun yaɗa shi. Manyan dandalin sada zumunta kuma yawanci suna sa wa mahaɗan da ke fita daga cikinsu wata alama mai suna nofollow, wadda Google da Yahoo da Microsoft suka amince da ita a watan Janairun 2005. Ma'anarta: na nuna wannan shafi, amma ban tsaya masa ba. Wikipedia ma tana sa wannan alama a kan mahaɗanta na waje tun 2007. Don haka wanda ya kwana yana cusa adireshinsa a maƙalolin Wikipedia ta Hausa, ɓata darensa kawai ya yi, kuma masu gyara za su goge. A watan Satumban 2019 Google ya ƙara alamomi biyu, sponsored don mahaɗin da aka biya kuɗi, da ugc don wanda baƙi suka rubuta a ƙasan shafi. Ya kuma ce daga nan zai riƙa ɗaukar alamomin a matsayin shawara, ba umarni ba. Duk da haka, ba a gina lissafi a kansu.

Daga nan sai masu talla su shigo. Saƙonsu yakan zo ta imel ko ta WhatsApp: mahaɗi dubu a ƴan jakunkuna na sefa, da alkawarin matsayi na farko cikin wata ɗaya. Sukan nuna wani maki da ake kira DA su ce zai hau daga 5 zuwa 50. Wannan maki na kamfanin Moz ne, Google ba ya aiki da shi. Shi kansa Google ya daina nuna wa jama'a makin PageRank tun 2016. Mahaɗan da ake sayarwa kuwa daga shafukan bogi suke zuwa, waɗanda aka ƙirƙira don wannan kasuwa kawai, inda za a iske adireshin ƙungiyar marayu tsakanin tallar caca da ta maganin ƙarfin maza.

Manya ma sun gwada sun sha kashi. A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin JC Penney na Amurka ya mamaye matsayi na farko a binciken riguna da kayan ɗaki da wasu kayayyaki da dama, ta hanyar dubban mahaɗai da aka shuka a shafukan da ba su da alaƙa da tufafi. Kantin ya ce bai san da aikin ba, ya sallami kamfanin da ke kula masa da harkar. Google kuwa ya tura shi daga na ɗaya zuwa ƙasa da na sittin a wasu kalmomin. A watan Janairun 2012 Google ya hukunta shafin burauzarsa ta Chrome na kwana 60, saboda wani kamfen na talla da aka biya masu rubutu. A watan Afrilun wannan shekara ya fito da tsarin Penguin don farautar mahaɗan bogi. Tun 2016 tsarin ya fi karkata ga yin watsi da irin waɗannan mahaɗai maimakon hukunta shafin gaba ɗaya, ko da yake har yanzu ma'aikatan kamfanin na iya hukunta shafi da hannu. Ga ƙaramar ƙungiya a Kara-Kara, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne kuɗin da za a saya wa masu koyon ɗinki zare da yadi sun tafi a banza.

Inda mahaɗan gaske suke

Abin mamaki shi ne, unguwa irin Kara-Kara ta fi unguwanni da yawa damar samun mahaɗai masu nauyi, saboda ana yawan rubutu a kanta. Matsalar ita ce rubutun yana ambaton mutanen unguwar ba tare da ya nuna ƙofarsu ba.

A ɗauki misalin wata ƙungiyar matasa da ta yi aiki da wata ƙungiyar agaji ta waje. An yi horo, an ɗauki hotuna, an rubuta rahoto. Sunan ƙungiyar matasan yana shafi na 34 na wani fayil na PDF, ko a ƙasan hoto, babu mahaɗi. Ƙungiyar agajin tana da shafi mai shekara ashirin da dubban mahaɗai daga jami'o'i da gwamnatoci. Layi ɗaya a shafinta na abokan hulɗa zai yi wa ƴan unguwar abin da kuɗi ba zai saya musu ba. Ba ta sa ba, galibi don ba wanda ya roƙa. Lokacin da ya fi dacewa a roƙa shi ne lokacin sa hannu a yarjejeniya, a rubuta a cikinta cewa duk inda aka ambaci ƙungiyar a intanet za a sa adireshinta. Bayan an rufe aiki, jami'in da ya san su ya koma wata ƙasa, wasiƙa ba ta samun amsa.

Haka abin yake da ƴan jarida, kuma a nan laifin gidajen jaridu ne na Nijar da na waje baki ɗaya. Wakili zai wuni a unguwa, shugaban ƙungiya ya yi masa jagora lungu-lungu, ya haɗa shi da masu magana, a ƙarshe labari ya fito da sunan ƙungiyar a rubuce ba daidai ba, babu mahaɗi. Wasu gidajen suna tsoron kada mai karatu ya fita daga shafinsu, wasu kuma sakaci ne kawai. Wanda ya ba da lokacinsa yana da haƙƙin ya ce a sa adireshinsa, ya rubuta shi a takarda ya miƙa kafin wakilin ya hau mota. Akwai ma ranar da aka san manema labarai za su zo: Lahadin ƙarshe ta watan Janairu, ranar yaƙi da cutar kuturta ta duniya, wadda Bafaranshe Raoul Follereau ya assasa a 1954. Ƙungiyar da ta shirya shafinta tun watan Disamba, da bayanan da wakili zai buƙata, ita za a ambata.

Sauran ƙofofin na kusa ne: jami'ar André Salifou ta Damagaram, idan ɗalibanta ko malamanta sun yi bincike a unguwar, cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, ma'aikatar magajin gari, gidajen rediyon garin da ke da shafuka, da ƙungiyoyin ƴan Damagaram mazauna waje. Musayar mahaɗi tsakanin ƙungiyoyi biyu masu aiki tare ba laifi ba ne. Abin da Google ke ƙi shi ne a mai da shi sana'a, sa ni in sa ka da duk wanda aka gamu da shi.

Sai dai roƙo ba ya wadatarwa idan babu abin nunawa. Shafin da ke ɗauke da hoton shugaba, da jawabin maraba, da jerin manufofi da aka kwafo daga takardar neman tallafi, ba wanda zai ga dalilin tura masu karatunsa can. Ana sa mahaɗi ne zuwa abin da ba a samu a wani wuri. Kara-Kara kuwa tana da irin wannan da yawa. Tarihin kafuwar unguwar daga bakin dattawanta, da sunayen masu unguwannin da suka gabata. Inda famfuna suke da yadda kuɗin jarkar ruwa ke hawa a lokacin zafi, a garin da ƙarancin ruwa ya zama tsohon ciwo. Kuɗin lodin dutse da yadda ake raba shi tsakanin mai fasawa da mai mota. Bayani cikin Hausa mai sauƙi cewa kuturta tana warkewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da maganinta kyauta tun 1995, da inda ake karɓarsa a gari. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, ko wakilin da ke gaggawar aika labari, zai dogara da irin wannan shafi, ya kuma nuna shi, ko ba a roƙe shi ba.

Akwai wata gajeriyar hanya da ya kamata a guje wa. Hoton hannun da cuta ta cinye, ko na yaro mai tabon wuƙa, yana jawo ido da mahaɗi fiye da jadawalin kuɗin ruwa. Ƙungiyar da ta bi wannan hanya za ta iya hawa sama, amma abin da ta kai saman shi ne hoton nan da unguwar ke ƙoƙarin fita daga cikinsa. Kuma mai hoton zai ci gaba da zama a gidansa, tsakanin maƙwabtansa, shekaru bayan an manta da tallafin.

Suna da harshe

Sunan unguwar kansa yana da matsala. Ana rubuta shi Kara-Kara, da Karakara, da Kara Kara. Akwai kuma wata ƙaramar hukuma mai wannan suna a jihar Dosso. Garin ma suna biyu gare shi, Zinder a takardun hukuma, Damagaram a bakin jama'a. Ya kamata ƙungiya ta zaɓi rubutu ɗaya ta tsaya a kansa a ko'ina, ta riƙa haɗa shi da sunayen garin biyu, ta kuma roƙi masu nuna ta su yi haka. Sa wurin a Google Maps da OpenStreetMap kyauta ne, kuma ga mai shago ko tela wanda abokan cinikinsa ƴan gari ne, wannan ya fi masa mahaɗi amfani.

Batun harshe kuwa dama ce da ba a kula da ita ba. A Faransanci, shafin unguwa zai yi takara da Arte da manyan jaridun Paris, ba kuma zai yi nasara da sauƙi ba. A Hausa filin kusan fayau yake. Kundin tsarin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma rubutun Hausa a intanet har yanzu akasarinsa daga Kano da Kaduna da Abuja yake fitowa, sai sassan Hausa na gidajen rediyon waje. Inda masu takara ba su da yawa, mahaɗi biyar ko goma na gaske suna iya kai shafi sama. Wanda zai iya, ya yi shafi biyu, na Hausa da na Faransanci, kowanne da adireshinsa, kowanne yana nuna ɗan'uwansa. A tuna kuma cewa yawancin masu nema a wayar salula ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ, don haka adireshin shafin kansa ya zama da baƙaƙe marasa lanƙwasa.

Mahaɗai ba su ne komai ba. A 2023 wani jami'in Google, Gary Illyes, ya faɗa a wani taro cewa ba sa cikin abubuwa uku mafi muhimmanci a lissafin kamfanin. Shafin da ba ya buɗewa a ƙaramar waya mai raunin layi, ko wanda aka cika da manyan hotuna masu cinye kuɗin data, zai kori wanda mahaɗin ya kawo. Amma ga sabon shafi da ba wanda ya sani, mahaɗi ne hanyar da injin ke bi ya iske shi tun farko. Sakamakon kuma watanni yake ɗauka. Manhajar Search Console ta Google, wadda kyauta ce, tana nuna wa mai shafi waɗanda suka nuna shi da kalmomin da ake samunsa da su.

Abin da ya fi kashe shafukan ƙungiyoyi a Nijar ba ya da alaƙa da lissafin Google. Adireshin shafi, ko mai ƙarewa da .ne ne ko .org, haya ake yi, ana sabuntawa shekara-shekara. Sau da yawa mai ba da tallafi ne ya biya shekarar farko, wani matashi mai ilimin kwamfuta ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa. Aiki ya ƙare, matashin ya tafi Yamai ko Agadez neman abinci, wa'adi ya cika ba wanda ya sani. Duk mahaɗan da aka sha wahalar tarawa sai su koma nuna kango. Akwai ma masu farautar irin waɗannan adireshi da suka mutu, su saya saboda mahaɗan da ke kansu, su cika su da tallar caca, har Google ya sa wannan cikin laifukan da yake hukuntawa a watan Maris na 2024. Rajistar ta zama da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su san kalmar sirri, a kuma rubuta ranar sabuntawa a littafin ma'aji kusa da kuɗin haya da na lantarki.